Ƙananan na'urorin kiɗa da fedar jita: da wacce za a fara, yaya ake jona su

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai shekara uku ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a kwamfuta. Idona ya gaji da kallon allo, ga wuta ba tabbas. Ina ganin mutane a YouTube suna baje 'yan ƙananan na'urori masu batir a kan tebur, suna kiɗa ba kwamfuta. Da wacce ya kamata in fara? Sannan wani abokina ya bar min fedar jita guda biyu, wato 'yan akwatunan da ake bi da sauti ta cikinsu su canja shi, ɗaya ta eko mai maimaita sauti, ɗaya ta distoshan mai sa shi kaushi. Za su yi aiki da waɗannan na'urori, ko za su lalata min kaya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don nan ne asara take. Feda ba ta lalata sintesaiza, wato na'urar da ke ƙirƙirar sauti da lantarki irin waɗanda kake tambaya, ita ma sintesaiza ba ta lalata feda, muddin sauti ne kaɗai ke bi ta tsakaninsu. Mai kashe kaya ita ce adafta.

Yawancin fedar jita, tun daga na kamfanin Boss har waɗanda suka bi sahunsu, bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar fuloginsu alamar − ce, bayansa +. Ƙananan na'urorin kiɗa na Volca na kamfanin Korg su ma bolt 9 ne, amma a juye: tsakiya +, baya −. Bakin fulogin ma ba girmansu ɗaya ba, sai dai na sha ganin masu dabara suna cusa shi da ƙarfin tsiya, ko su kai wa mai gyaran rediyo ya yanke ya canja kai. Ni kaina na taɓa ƙona wata 'yar na'ura da daddare, an ɗauke wuta, na lalubo adaftar da ba tata ba na ajiye a jone, da aka dawo da wuta ban ji ƙara ba, ban ga hayaƙi ba, ɗan ƙauri kawai na shaƙa, shi ke nan. Tun ranar kowace adafta tawa akwai farin salatif a wuyanta da sunan mai ita.

Kafin ka jona kowace adafta, karanta rubutun bayanta. Bolt dole ya zo daidai, ba daɗi ba ragi. Zanen ɗigo da rabin da'ira da ke nuna + da − dole ya zo ɗaya da wanda ke jikin na'urar. Shi kuwa mA, ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja, ba laifi na adaftar ya fi na na'urar yawa, kamar randa ce, kowa gwargwadon ƙishirwarsa yake ɗiba. Matsalar ita ce ya gaza. Fedar distoshan irin ta da ba ta cin ko 20 mA, amma manyan masu eko na dijital irin su Strymon BigSky 300 mA suke nema, in ka ba su ƙasa da haka sai su riƙa mutuwa suna farfaɗowa a tsakiyar kiɗa. Ka kuma duba wutar da adaftar kanta ke karɓa daga bango. Wutarmu bolt 220 zuwa 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Adaftar da aka rubuta mata 100–240 ta wuce ko'ina. Wadda aka rubuta mata 120 kaɗai, ko da a cikin kwalin na'urar ta zo, ajiye ta gefe.

Bayan wuta sai ƙarfin sauti. An ƙera fedar jita ne don muryar jita, wadda siririya ce, galibi ba ta kai bolt ɗaya ba. Sintesaiza tana fitar da abin da ya fi haka ƙarfi, don haka in ka buɗe ta gaba ɗaya cikin fedar eko za ka ji sautin yana tsagewa kamar tsohuwar lasifikar mai tallar magani. Ba lalacewa ta yi ba, ƙoshi ne ya yi mata yawa. Ka fara da muryar sintesaiza a kwata, ka riƙa ƙarawa har ka ji alamar tsagewa, sai ka ɗan dawo baya. A fedar distoshan kuwa wannan maɓallin muryar da ke jikin sintesaiza shi ne rabin aikin: ƙasa-ƙasa yana ba ka ɗan kaushi mai daɗi, sama yana dama komai wuri ɗaya ba ka bambance wannan sauti da wancan.

Akwai wani tarko kuma da kusan kowane sabon shiga sai ya faɗa. Waɗannan ƙananan na'urori ta ƙofar hedfon suke fitar da sauti, ƙaramin jak mai milimita 3.5 mai zobe biyu, wato hagu da dama. Feda babban jak take karɓa, mai milimita 6.35 da zobe ɗaya. In ka sayi waya mai zobe biyu a kowane kai ka soka ta a ƙofar miksa irin wadda ke ɗebe sautin zare ɗaya daga na ɗayan don kashe ƙugi, hagu da dama za su cinye juna, tun da abu ɗaya suke ɗauke da shi. Sai ka ji kiɗan ya sirance kamar daga ƙasan rijiya, ko ya ɓace ɗungum, ka fara zargin wanda ya sayar maka. Maganin bai kai kuɗin cin rana ɗaya ba: waya mai ƙaramin kai ɗaya da ta rabu zuwa manyan kawuna biyu. Ka soka ɗaya a feda, ka bar ɗayan yana reto.

To, yanzu ga batun saye. Shawarata na'ura ɗaya za ka saya, ɗaya tak, ka haɗa ta da fedar da ke hannunka, ka yi wata uku ba ka ƙara komai ba. Na san ba abin da kake son ji ke nan ba, don bidiyon da kake kallo tebur ne cike da fitilu. Amma duba tarihin abin. Roland sun fitar da TB-303 a 1981 don mai jita ya samu mai raka shi da bes in yana atisaye shi kaɗai. Ba ta yi kama da bes na gaskiya ba, ba ta yi kasuwa ba, aka daina ƙera ta a 1984. Da ta faɗo kasuwar kayan hannu da araha, samarin Chicago suka saya, suka bar ta tana maimaita layi ɗaya suna murɗa filta, maɓallin da ke tace sauti ya dushe ko ya washe, daga nan aka samu salon da ake kira asid. A Jamaika wani ɗan ƙaramin Casio MT-40, da kiɗan da ya zo a cikinsa daga masana'anta, shi ya juya akalar rege zuwa na'ura a 1985. A Yamai ma Mamman Sani da ogan ɗinsa ɗaya ƙirar Italiya ya naɗi kaset a gidan rediyon ƙasa a 1978, aka yi shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shirye, har kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 duniya ta ji. Duk cikinsu ba wanda ya tara kaya. Kowa ya zauna da abu ɗaya ne har ya san inda yake kuka da inda yake dariya.

Wacce ce ɗayar? Ya danganta da abin da kunnenka ke fara nema in ka zauna haɗa kiɗa. Korg sun fara jerin Volca a 2013 da guda uku: Beats ta ganguna, Bass ta bes, Keys mai iya buga murya uku a tare. Kowacce girmanta kamar kaset ɗin bidiyo na da, da 'yar sifika a ciki, tana cin batir AA shida, kuma tana kai wajen awa goma da su. In kai mutumin ganga ne, Beats tana da babbar ganga mai nauyi, amma ƙaramar gangarta ba kowa take burgewa ba, ni ma ba ta burge ni sai an bi da ita ta distoshan. In karin waƙa ne a ranka, Keys ko Bass. Da fedar da kake da su, ni Bass zan ɗauka, domin filtarta da distoshan kamar tuwo da miya suke.

Akwai kuma na Teenage Engineering, wani kamfani a Stockholm ta Sweden, waɗanda suka fito da Pocket Operator a 2015. Girman kalkuleta ne, allon lantarki tsirara ba riga, batir AAA biyu. Wadda ta fi dacewa da mu a cikinsu ita ce PO-33 ta 2018, saboda tana da makirfo kuma tana ɗaukar sauti na daƙiƙa 40. Daƙiƙa 40 kamar wasa, amma ta isa ka ɗauki bugun kalangu huɗu, tafi, ƙarar turmi, da guɗa ɗaya, ka yanyanka su ka baza a maɓallai 16. Aibinta ɗaya, tsirarar nan ba ta jure ƙura da gumin hannu, sai ka nema mata gida.

In kuma aljihunka ya ɗan yi nauyi, duba Korg Monologue. Ita ma batir AA shida take ci, tana da maɓallan fiyano na gaske ko da ƙanana ne, kuma tana da abin da sauran ba su da shi: za ka iya ɗaga ko saukar da kowace murya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son karin gida. Goge da kukuma da gurmi ba a kan ma'aunin fiyano suke tafiya ba, shi ya sa in aka kwaikwaye su a fiyanon lantarki na Yamaha PSR ɗin situdiyo kunnen tsoho yake jin wani abu ya kauce ko da bai iya faɗin mene ne ba. Da Monologue sai ka kunna kaset ɗin mai kukuma, ka riƙa saukar da murya kana ɗagawa da kunne har ta zauna daram a kan tasa, ka ajiye wannan saiti. Ka ƙara mata ɗan santsi tsakanin murya da murya, yadda yatsa ke zamewa a kan izga, za ka sha mamaki. Ba za ta zama kukuma ba, kada ma ka nemi haka; za ta zama wata aba dabam mai magana da harshen gida.

Galibin waɗannan kaya oda ake yi ko a ba matafiyi saƙo, kuma na hannu sun fi sauƙi. In na hannu ne, buɗe gidan batir ka duba ko akwai farin gari ko kore-kore a jikin ƙarafan, sannan ka murɗa kowane maɓalli sauti na fita.

Abin da zai fara ba ka haushi shi ne sikwensa, wato sashen na'urar da ke riƙe abin da ka tsara yana maimaita shi. Kusan dukkansu taki 16 suke da shi, wato bugu huɗu, kowane an raba shi huɗu, tsarin kiɗan rawar Turai da Amurka. Da yawa daga kiɗanmu kuwa kowane bugu uku yake rabuwa, shi ne wannan rangajin da ƙafa ke ganewa tun kafin kai ya gane. A Volca akwai abin da aka rubuta ACTIVE STEP a jiki: da shi za ka kashe taki huɗu, 12 su rage, ka lissafa su uku-uku. Sai dai lambar gudun da ke allon, wato bugu nawa a minti, za ta daina faɗa maka gaskiya, don ita har yanzu huɗu-huɗu take ƙirgawa. In allon ya nuna 90, ƙafarka 120 za ta ji. Ranar da ka samu na'ura ta biyu, gwada barin ɗaya a 16, ɗaya a 12. Ba za su sake haɗuwa a mafari ba sai bayan taki 48, kuma a tsakanin nan kiɗan zai riƙa juyawa da kansa ba ka taɓa komai ba.

Haɗa na'ura biyu su yi tafiya tare hanya biyu ce. Ta farko 'yar waya daga SYNC OUT na wannan zuwa SYNC IN na waccan. Ba sauti take kaiwa ba, ɗan bugun lantarki ne kamar tafin mai ba da amshi. Ɗaya ce jagora, sauran mabiya. Pocket Operator ba ta da ƙofa ta musamman, ta kunnen hagu take tura bugun, kiɗan ta dama, don haka in ka ji tak-tak-tak a sifika ɗaya ba lalacewa ba ce, ka jona kunnen da bai kamata ba ne. Hanya ta biyu MIDI, yarjejeniyar da kamfanoni suka cim ma a 1983, Dave Smith na kamfanin Sequential da Ikutaro Kakehashi na Roland a kan gaba. Ita tana aika bugu 24 a kowane bugun kiɗa, da umarnin tashi da tsayawa, har da muryoyin kansu. Volca na farko ƙofar shiga kawai suke da ita, ba za su iya jagoranci ta MIDI ba. Sabbin ƙananan na'urori kuma ƙaramin jak suke sa wa MIDI, iri biyu, A da B, masu kama ɗaya a ido amma zaren cikinsu a juye. An tsayar da A a matsayin ƙa'ida a 2018, amma na B suna nan birjik a kasuwar kayan hannu. In ka jona komai ya yi shiru, wayar za ka fara tuhuma.

Mu koma kan feda, don a ganina nan ne kiɗan yake. Mai jita da ƙafa yake taka ta ya manta da ita, hannayensa suna kan tsirkiya. Kai sikwensa ce ke buga maka, hannayenka biyu a sake suke, saboda haka ɗora fedar a kan tebur ka ɗauke ta a matsayin abin kiɗa. Tsarin da aka saba shi ne distoshan a gaba, eko a baya, domin kana son maimaicin sautin da ya riga ya yi kaushi, yana dusashewa a hankali. In ka juya su, distoshan zai tattaro duk maimaicin ya dama su wuri ɗaya. Wani lokaci wannan damun shi ake so, gwada ka ji, ba abin da zai ƙone.

Eko yana da lissafi ɗaya da ya kamata ka haddace. Raba 60,000 da gudun kiɗan, abin da ya fito shi ne tsawon bugu ɗaya a ma'aunin kashi dubu na daƙiƙa. A gudu 120, 500 ke nan. In ka sa eko a 500 zai faɗo a kan bugun, ya ɓuya a bayansa, kusan ba ka jin sa. Sa shi a 375, kashi uku cikin huɗu, sai ya riƙa faɗowa a tsakankani, layi mai murya huɗu ya koma kamar mutum biyu na yi wa juna amshi. A kiɗa mai taki 12, gwada 333 ko 167. In fedarka ba ta da allo, da kunne za ka nema: bar murya ɗaya tana bugawa, ka murɗa a hankali har maimaicin ya zauna inda ƙafarka ta yarda. Sannan akwai maɓallin yawan maimaici. Ɗaga shi zuwa gab da inda fedar za ta fara kuka da kanta, ka riƙe shi a nan, ka saukar kafin ya ƙwace. Haka su King Tubby da Lee Perry suka yi a Kingston ta Jamaika a shekarun 1970, da miksa da eko na tef irin Roland Space Echo na 1974, suka mayar da mai naɗi makaɗi. Ka dai rage muryar sifika kafin ka fara wannan wasa, musamman in hedfon ne a kunnenka, domin kukan yana tashi ba sallama.

In ka zo ƙara feda ta uku, ni Zoom MS-70CDR nake nuna wa mutane. Batir AA biyu take ci, tana karɓar hagu da dama, tana jera abu shida a lokaci ɗaya, da eko da amon ɗaki iri-iri. Shiga cikin saitinta akwai ɗan wahala, allon ƙarami ne, amma a kuɗinta ban san wadda ta kai ta ba. Amon ɗakin nan dai a yi hattara da shi. Sabon shiga yakan zuba shi a kan komai saboda yana ɓoye kuskure, sai babbar ganga da bes su narke su zama kunu. Ranar da ka sayi miksa, nemi mai ƙofar AUX SEND, ka jona fedar a nan, ka mayar da ita ta wani layi dabam. Ta haka kowace na'ura za ka ɗiba mata gwargwadon abin da ya dace, ganga da bes ka bar su a bushe.

Fedar distoshan ɗin nan taka tana da wani amfani da abokinka wataƙila bai sani ba. Masu sauraronka yawancinsu a sifikar waya za su ji ka, bayan kiɗan ya bi ta WhatsApp an matse shi. Sifikar waya ba ta iya fitar da bes mai zurfi. Murya mai kaɗawa 55 a daƙiƙa ba za ta fito ba ko kusa. Distoshan yana haifar mata 'ya'ya a sama, ninki-ninkin wannan 55 ɗin, irin su 165 da 275 da 385, waɗanda wayar ke iya furtawa, kunne kuma ya cike uwar da kansa. Kaɗan ya isa. Bayan ka naɗa, tura wa kanka ka saurara a waya kafin kowa ya ji.

Batun ƙugi kuma, ka yi sa'a da ka zaɓi masu batir, don batir ya fi kowace wuta tsabta. Zuuu ɗin da ake ji mai kauri daga wutar bango yake zuwa, tana kaɗawa 50 a daƙiƙa, kuma yana ƙaruwa in na'urori da yawa suna shan adafta ɗaya ta waya mai rassa, musamman in an cakuɗa fedar dijital da ta analog. Siririn tsiii kuwa yawanci daga adafta mai arha ne, ko fawa banki da aka sa wa wayar ɗaga bolt 5 zuwa 9. A kan ƙaramin janareta ban yarda in jona komai kai tsaye ba. Sayi batura masu caji na NiMH saiti biyu, ɗaya na aiki ɗaya na caji in wuta ta zo. In za ka ajiye na'ura fiye da sati biyu, zare baturan, zafinmu yana sa na alkalin su yi yoyo su cinye ƙarafan. Da hunturu ka rufe komai da ƙyalle ko ka mayar cikin jaka. In maɓalli ya fara ƙara kamar akwai yashi a ciki in an murɗa, feshin wanke lantarki za ka nema wurin masu gyaran amfilifaya, kada ka kusance shi da man keken ɗinki ko na injin.

Kwamfutarka kuma kada ka yi mata kallon kishiya. Ita za ta riƙa karɓar abin da ka buga, ko ƙaramar rikoda irin Zoom H1n in kana son barin ta a kashe. Ka bar wa sautin sarari, ƙololuwarsa ta tsaya wajen −12 a ma'aunin ƙarfin sauti na abin naɗin, don eko in ya yi tsalle bai san iyaka ba. Ka danna naɗi tun kafin ka fara laluben sauti, ba sai ka ga ka shirya ba. FL Studio ta saba maka da cewa komai yana nan in ka dawo gobe. A nan sikwensa za ta tuna muryoyin, amma tsohuwar fedar abokinka ba ta tuna inda ka bar maɓallanta, kuma da ka cusa ta a jaka sun juya. In ka dace da saitin da ya yi maka, ɗauki hotonsa da waya daga sama, da hasken da zai nuna layin kowane maɓalli, ka rubuta lambar gudun a ƙarƙashin hoton.